Fatalwa Mai Hura

A ƙungiyarmu ta teyatur, wato wasan kwaikwayo, a Konni, ni ce fatalwa. Duk wasan da anka ce akwai mamacin da zai dawo, ba a ma tambaya, sai a miƙo mini farin zanen gado da kwanon toka. Ko don tsawona ne da rashin jiki, ko don ba ni da yawan dariya, oho. Shugabanmu, wani tsohon malamin lakwal, makarantar boko ke nan, da kowa ke ce wa Mushe, shi ya koya mini yadda ake yi: ki shafe fuska da toka, ki lulluɓa da fari har ƙasa, ki miƙe hannuwa gaba, ki yi magana ta hanci kina jan kowace kalma. Haka na yi ta yi shekara da shekaru, daga Konni har Dogarawa da Alela. Yara su watse da gudu su dawo suna dariya, tsofaffi su yi ta a'uzubillahi suna murmushi. Ba wanda ya taɓa rasa barci saboda ni.

Ni kuwa tun can na raina wannan fatalwa. Haka na raina ta finafinan da ake turowa a salula, wadda ke ɓacewa cikin hayaƙi, da aljanar da masu fenti ke zanawa a bayan manyan motoci, mai gashi har gadon baya da kofaton jaki. Wa ta taɓa tsoratawa? Direba ma ado yake da ita. Mamaci in zai dawo, ai da zanen da ka san shi da shi zai dawo, da tafiyarsa, da muryarsa, kuma ba wurin kowa zai zo ba. Na sha faɗa wa Mushe haka, sai ya ce, "Ƙanwata, mu nishaɗi muke biɗa, ba haukata jama'a ba." Sai in ɗauki tokata. Mushe mutumin gabas ne, aiki ya kawo shi Konni, bai san ɗiyar wa ce ni ba.

Innata mai hura ce a Tsarnawa, bakin babbar hanya inda motoci ke tsayawa. Tana da wata babbar ƙwarya da ta taɓa tsagewa daga baki anka ɗinke ta da baƙin zare, da zanen saƙi baƙi mai ratsin fari wanda kullum shi take ɗaurawa in za ta fita. Hurarta ta sha citta da kanumfari, nonon kuwa daga hannun Bafulatana guda take karɓa, ba ta canzawa. In mota ta tsaya sai ta ɗaga murya: "Ga sanyi, 'yan hanya, ga sanyi." Kafin ka saya sai ta ɗebo a ludayi ta miƙo maka ka ɗanɗana. A wajenmu kuwa ba a mai da ludayin da anka miƙo maka. Ko ka ƙoshi har wuya, ka kai baki ka taɓa, in ba haka ba ka ce wa mai shi ba ka yarda da hannunsa ba.

Tsallaken hanya akwai rumfar wani mai sayen albasa yana lodi zuwa kudu. Lokacin bai je Makka ba, kowa mai albasa yake ce mishi. Kullum in rana ta take sai ya tsallako ya sha hurar Inna, ɗansa kuma ta ba shi gaya kyauta ya tafi yana gutsura. Wata damina masassara ta kama ɗan nan, jikinsa ya ɗauki zafi, ya fara sanƙarewa idanu na juyewa. Cikin sambatu anka ce ya ambaci mai hura. To, yaron da ya saba karɓar gaya a hannunta kullum, wa kuke so ya ambata? Amma mutanenmu sun ce mara lafiya in ya kira suna, wanda ya kama kurwarsa ya kira.

Ina nan zaune kusa da ita ina wanke ludaya sunka zo, uban na gaba. Ban kai aure ba lokacin, amma na yi wayo. Sunka tasa ta har ƙofar gidansa, inda anka shimfiɗe yaron a tabarma, gari duk ya taru. Anka ce ta kurkure baki a ba shi ya sha, ta kwance zanenta, ta tsallake shi, wai haka mayya ke sakin kurwar da ta kama. Inna ta dubi uban ta ce, "Mai albasa, ni? Ni da ke ba ɗanka gaya?" Ya ce, "Tsallaka dai. In ba ke ta ba, mi kike tsoro?" Ta kwance zanen ta miƙo mini, daga ita sai fatari, gaban maza, gaban yaran da ta goya iyayensu. Ta tsallaka. Ni ce na riƙe zanen, kuma har yau hannuna bai manta da ɗuminsa ba.

Ga abin da ya sa ban yafe ba. Ranar nan da la'asar, da idona na ga mai albasa ya ɗora ɗansa kan motar lodi ya kai shi likita a Konni. Can anka sa mishi ruwa, anka yi mishi allurai, ya kwana biyu ya dawo da ƙafarsa. Gari ya ɗauka, "Kun gani, ta sake shi." Mai albasa ya san abin da ya tashi ɗansa, shi ya riƙe hannun yaron ana ɗaura ruwan. Kalma guda daga bakinsa da ta isa. In an tambaye shi sai ya girgiza kai ya ce, "Allah dai shi kiyaye," ya ci gaba da auna albasarsa.

Daga nan hurar Inna ta koma tsami a ƙwarya. Baƙon da bai sani ba in ya nufo ta, sai wani ɗan kamasho ya raɗa mishi a kunne, ya juya. Ta kan zuba wa awaki, maƙwabta su kore awakinsu. A gidan biki a ajiye mata kwanonta ita kaɗai can gefe, mace mai son hira, mai son ta ga ana cin abin hannunta. Ta daina kiran 'yan hanya, ta kife ƙwaryar a kan randa, ta koma ɗan noman wake da itace. Ba ta taɓa zagin kowa a gabana ba, wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai. Ta yi ta ramewa har ta kwanta, ba ta tashi ba. Mazan da sunka kai ta ba su cika sahu guda ba, kawuna na cikinsu, shi ne daga baya ya tsaya da ni bakin shingen maƙabarta ya nuna mini wurin da yatsa.

Bayan kwana arba'in anka ɗaure kayanta a bayar sadaka kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Ni na ɗauka a kai na bi gida gida. Wata ta ce ba ta sa baƙi, wata ta ce in kai gaba akwai mabukata, wata ko ƙofa ba ta bari na shiga ba, daga zaure ta ce an gode. Matan da sunka sha hurarta kyauta ranar da sunka haihu ke nan. Na dawo da ƙunshin yadda na fita da shi, na sa a ƙasan akwati tare da ƙwaryar. Da na yi aure ya biyo ni Konni.

Mijina direba ne, mutumin tsallaken iyaka, ya ji labarin ya ce shi bai auri tatsuniya ba. Na haifi ɗiya mace, na ɗauka abin ya mutu a Tsarnawa. Ashe ina. An ce maita a nono ake shan ta, daga uwa sai ɗiya, daga ɗiya sai jika, ga shi Tsarnawa da Konni ko kabu-kabu ba ya gajiya. Wata baƙuwa ta zo suna a unguwarmu, ta gan ni, ta saki bakinta. Ɗiyata na lakwal lokacin, inda 'yan mata ke haɗa kwanoninsu su ci tare in an fito shan iska. Sai na ga kwanonta na dawowa yadda na zuba, dambun zogale ko ɗan wake, ba a ko taɓa ba. Ta ce ba ta jin yunwa ne. Ran nan dai tana ajiye jakarta ta ce, "Mama, mi ne ne kurwa? Sun ce in sun ci nawa zan ɗauke tasu."

Wallahi sai da na zauna. Na ce mata ƙarya suke, na ba ta abinci ta ci a gabana. Amma na san ƙaryatawata ba ta isa ko'ina ba, bakin ɗiyar mayya ne. Bakin da ya ɗaura abin shi kaɗai zai kwance shi, kuma ina so ya kwance shi yadda anka sa Inna ta kwance zanenta, gaban kowa, da rana tsaka.

Cikin daminar nan wasu masu aikin lafiya sunka nemi ƙungiyarmu mu zagaya garuruwa da wasa kan masassarar sauro, a nuna wa mutane yaro in ya sanƙare likita ake kai shi. Mushe yana ta neman yadda zai ƙulla labarin, ni na ba shi: yaro ya faɗi, a ce wata tsohuwa ce ta kama shi, baƙin ciki ya kashe ta, ta dawo fatalwa ta faɗa musu gaskiya. Ya ji daɗi har ya ce ashe ina da kai. A Dogarawa na yi shi da toka da zanen gado, na ja kalmomi ta hanci, anka yi dariya anka tafa. Na tambaya ina za mu daga nan, anka ce Tsarnawa.

Ranar da safe na daka gero na kirɓa hura da hannuna, da citta da kanumfari yadda Inna ke yi, na biɗo nono mai kyau. Na fiddo ƙunshin daga ƙasan akwati. Na ce wa ɗiyata yau ba lakwal, za ta raka ni.

A filin lakwal ɗin garin anka yi wasan, bayan la'asar, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. An jera kujeru gaba don manya, sauran jama'a sun yi da'ira, matasa duk sun ɗaga salula. Na leƙa ta tagar ajin da anka ba mu mu shirya. Ga mai albasa nan a kujerar tsakiya, ya zama Alhaji, ya tsufa, babbar riga da sanda da tabarau, kwalbar lemo a gindin ƙafarsa yana kurɓa. Bayansa ɗan nan da anka ce an cinye kurwarsa, ƙato da tumbi har da 'ya'ya. Ina kallo wanda ke wasan ma'aikacin likita ya ce sanƙarewar yaro ba maita ba ce, sauro ne. Alhaji ya gyaɗa kai ya tafa tare da baƙi, masu aikin lafiyar nan.

Na ɗaura zanen saƙin, na ɗaura kallabinta yadda take karkata shi gefe, na aza ƙwaryar a ka. Duk wanda ya san mu ya ce ni da Inna kamar an tsaga kara, ga shi na kai shekarun da take ranar da ta tsallaka. Mushe ya shigo ya ce lokacina ya yi, ya tsaya turus.

"Ƙanwata, ina tokar?"

"Yau ba toka, Mushe."

"To wa zai gane fatalwa ce?"

"Za su gane," na ce, na raɓa ta gefensa na fita.

Yara sun ji an ce fatalwa na zuwa, sun shirya gudu, sai ga wata mata da ƙwarya tana tafiya a hankali. Sunka yi ta leƙen bayana suna jiran mai farin zane. Manya ne sunka gane. Na ga wata tsohuwa ta dafe ƙirji, wata ta ja jikanta ta rungume. Na tsaya tsakiyar fili, na buɗe baki da muryar da na gada, ba ta hanci ba, na ce, "Ga sanyi, 'yan hanya, ga sanyi." Wani dattijo a baya ya fara salati a hankali. Wanda ya kamata in yi wa magana a wasan, mai fitowa uban yaro, yana tsaye yana jirana. Na wuce shi.

Na sauke ƙwaryar gaban kujerar tsakiya, na juya ɗinkin baƙin zaren ya fuskance shi. Na dama, na ɗebo, na miƙa ludayin.

"Mai albasa," na ce, "ga sanyi."

An daɗe rabon da wani ya kira shi haka. Baƙin da ke gefensa sun ɗauka wasa ne, don mun saba jawo 'yan kallo cikin wasa, suna murmushi suna ce mishi ya karɓa mana. 'Yan gari kuwa sun san abin da ke cikin ludayin nan. In ya mai da shi, ya mai da ludayi gaban kowa, kuma ya ƙaryata tafin da ya gama yi yanzu. In ya sha, ya sha daga ƙwaryar da shi ya sa gari ya guje ta.

Ya ce, "Ina... ina azumi."

Na sunkuyar da kai na dubi kwalbar lemon da ke gindin ƙafarsa, na daɗe ina dubanta, har duk wanda ke kusa ya bi idona. Hannuna bai sauka ba. Inna ta kan riƙe ludayi har sai an karɓa, ni ma haka na riƙe.

Ya karɓa. Hura na zuba a gemu da gaban riga, ya kai baki ya taɓa zai miƙo mini. Na ce, "Shanye." Ya shanye. Na sake cikawa, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Mai albasa, mi ya tashi ɗanka? Tsallakata ko ruwan likita?"

Ya ce wani abu can cikin gemu.

"Ban ji ba. Ka san kunnen mamaci ya cika da ƙasa."

"Ruwan likita," ya ce. "Ruwan likita na. Ni na kai shi."

Ɗansa ya sunkuyar da kai. Allah ya sani na ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar aurena, kuma ban ji kunyar jinsa ba. Tsohon ya sha ludayi na biyu, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau, ya matso ya ce a hankali, "Mai hura, ki yafe mini." Nan na daina muryar Inna na koma tawa. Na ce, "Alhaji, ni ɗiyarta ce, wadda ta riƙe zanen. Ni ba ni yafewa. Mai yafewar tana inda kunka kai ta, ko da yake kai ba ka je ba."

Mushe dai tsohon hannu ne. Ya faɗo fili yana tafi, ya ce jama'a kun ji daga bakin dattijo, yaro in ya sanƙare likita za a kai shi, ya rufe wasan kamar haka anka tsara. Baƙi sunka tafa. Ni kuwa na kira ɗiyata na zaunar da ita gaban ƙwaryar na ba ta ludayin. Yara sunka fara zuwa, su ba ruwansu, hura ce mai daɗi. Sai matasa. Can sai ga tsofaffin matan nan ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta ce an gode daga zaure, tana dogara sanda. Na tsaya a kansu na harɗe hannuwa, ban gaishe su ba, ina kallo kowace ta duƙa ta sha daga hannun jikar mayya. Sai da anka ga gindin ƙwarya.

A mota da munka kusa Konni, Mushe ya juyo wurina. Ya ce, "Kin mai da mini teyatur kotu." Na ce, "Ka ga wanda ya yi dariya?" Ya ce kada in sake. Ban sake ba, ba don shi ba. Na koma tokata da zanen gadona, ina miƙe hannuwa yara na gudu suna dawowa. Zanen saƙin na wanke na mai da shi akwati. Wurin mutum guda ya fito, kuma ya same shi.

Kafin mu iso gida hoton bidiyon ya riga mu, yana yawo a salular kowa a unguwa, har da inda tsohon ke cewa ruwan likita. Bayan 'yan kwanaki ɗiyata ta dawo daga lakwal tana ƙunƙuni, ta dire kwanon gabana fayau, ta ce, "Mama, sun cinye mini dambu duka, ko loma ban samu ba. Gobe ki ƙara yawa." Na ce to. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da na zagaya da ƙunshin kaya, na fito na hura wuta.

Alhaji kuwa ya aiko. Ɗan nasa ya zo har gida, ya durƙusa, ya ce tsoho ba ya iya barci, yana so a nuna mishi kabarin ya je ya tsaya a kansa ya roƙi gafara. Sun bincika gari, duk waɗanda sunka kai ta sun bi ta, har kawuna. Kabarin ba alama, ciyawa ta rufe shi tuntuni, ni kaɗai na san daga wace itaciya ake dubawa. Na ba shi hura ya sha, na ce ya gaida gida. Ya sake dawowa bayan kaka, ya sake dawowa da azumi, an ce yanzu tsohon sai an riƙe shi yake tashi. Kowane zuwa ina ba ɗan hura mai sanyi, ya shanye, in raka shi har bakin zaure. Ban nuna musu ba.